Takun Ƙanƙara da Facin da Muka Ɗauko Daga Ringim

Faifan wasan bidiyo na Elden Ring a cikin buhun kayan caja ya shigo garinmu. Yayana, mai shagon cajin waya a bakin tasha, ya je Kano sarin kaya bayan an sayar da riɗi a kakar 2022, ya biya ta Beirut, wani yaro ya haɗa masa shi da faifan ƙwallo a kan kuɗi kaɗan. Na hannu ne, kwalinsa ma ya tsage. Garin namu yana tsakanin Ringim da Taura, kuma na'urar wasan PS4 ɗaya ce a cikinsa kaf, ta shagon Yaya, wadda samari ke biya su buga ƙwallo. Ba wanda ya ko kalli sabon faifan. Sai da aka fara gasar kofin duniya ta Ƙatar a watan Nuwamba, kowa ya koma gidan kallo, ciniki ya tsaya, sannan ni da ƙanenmu Auta muka zura shi mu ga abin da ya ƙunsa.

Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya yi gem ɗin, ya fito ranar 25 ga Fabrairu 2022. Mu dai a lokacin ba mu san wannan ba. Abin da muka sani shi ne, daga fitowarka fili na farko, ga wani ƙato a kan doki cikin sulken zinariya kamar ɗan lifida, yana kai da komo. Auta ya tafi ya gaishe shi da takobi. Duka biyu ya yi masa. Ya sake komawa, aka sake. A daren nan sau goma sha wani abu muka mutu a wuri ɗaya kafin mu gane cewa ana iya kewaye shi a wuce, ba dole sai an taɓa shi ba.

Jarumi ɗaya muka buɗe, Samurai, mu uku muke karɓa-karɓa: ni, da Auta, da Yaya idan ya rufe lissafi. Bayan isha'i muke farawa, mu yi har batirin sola ya fara kuka. Na huɗunmu bai taɓa riƙe hannun gem ba, amma ba don shi ba da ba mu san me muke yi ba. Malam ne mai koyar da Turanci a ƙaramar sakandare, yana zuwa cajin waya da fitila. Gem ɗin nan ba ya zaunar da kai ya ba ka labari. Labarin a warwatse yake a jikin kaya: ka tsinci zobe ko hula ko tsinken takobi, ka buɗe bayaninsa, ka sami layi uku ko huɗu cikin wani tsohon Turanci mai nauyi. Malam ya fara karanta mana don ya gwada kansa, daga baya ya zama shi ke cewa, “Tsaya, koma baya, buɗe wancan.”

Abin da ya jawo mana wahala daga baya tun a nan muka shuka shi. A gem ɗin, kuɗin da ka tara daga kashe dodanni da shi kake ƙara matsayi, kowane matsayi ka zuba ɗigo ɗaya a cikin gidaje takwas. Mun raɗa musu sunaye namu: jini, da shuɗi wato abin da sihiri da dabarun makami ke ci, da numfashi, da ƙarfi, da zafin nama, da ƙwaƙwalwa, da imani, da asiri. Kowa ya riƙe hannu sai ya zuba inda ransa ya so. Yaya ƙarfi kawai ya sani. Ni zafin nama, don na ga takobin Samurai da shi yake tafiya. Auta kuwa duk sabon abin da ya tsinta, idan an ce yana bukatar ƙwaƙwalwa ko asiri, sai ya zuba biyu ko uku, ya gwada, ya watsar. Jini kuwa kowa yana ganin asara ce, tun da ba ya ƙara zafin duka. Miyar masu dafi da yawa dai.

Ba mu ga illar ba saboda abu guda. A wani kududdufi gabas da gidan sarautar Caria, Auta ya ga sawu yana haske a kan ruwa yana zagayawa, ba a ganin mai shi. Ya tare hanya ya kai sara, sai ga dabarar da ake kira Hoarfrost Stomp ta faɗo. Muka ɗora ta a kan takobinmu. Jarumi ya buga ƙafa a ƙasa, ƙanƙara ta bazu gabansa, ta tsaya kaɗan, ta fashe. Muka sa mata takun ƙanƙara. Lokacin sanyin hunturu ya fara shigowa, har Yaya yana cewa iskar waje ce ta shiga talabijin. Tun daga ranar ba mu ƙara koyon komai ba. Kowane dodo, taku uku ko huɗu, an wuce wurin.

Ta wannan gidan sarauta muka isa hasumiyar Ranni, mayya mai hannu huɗu da jikin 'yar tsana, muka shiga hidimarta tare da mutanenta uku: Blaidd mai kan kyarkeci, da Iji ƙaton maƙeri mai karatu, da Seluvis wanda tun ganin farko Malam ya ce wannan ba mutumin kirki ba ne. A nan ne labarin ya fara kama mu. Akwai wani ƙaton kunkuru mai doguwar hula a wata majami'a a yankin Liurnia, Miriel, shi ya ba da tarihin gidan, Malam yana fassarawa. Radagon ya zo da yaƙi, ya ƙare da auren sarauniya Rennala, suka haifi Radahn da Rykard da Ranni. Rana tsaka ya bar ta, ya koma babban birni ya auri sarauniya Marika, ya haifi Malenia da Miquella. Ita Marika tana da nata 'ya'yan da mijinta na fari, Godfrey. Da aka fasa zoben mulki, kowane ɗa ya wawuri ɓari ya ja daga.

Malam ya ajiye tabarau ya ce, “To ai wannan ba sai an je Japan ba. 'Yan ubanci ne a kan gado.”

Shi ke nan, duk wanda ke shagon ya gane labarin. Radahn da Malenia uba ɗaya ne uwa daban, kuma su ne suka gwabza a Caelid har ƙasar ta ruɓe ta koma ja. Mai shayin da ke maƙwabtaka da mu, wanda muke kira Kawu, dattijo ne da ya yi kiwon doki shekaru yana hawan sallah a Ringim. Da fari faɗa yake mana, wai mun zauna muna kallon aljanu. Malam ya ce masa tatsuniya ce irin ta Gizo, sai dai an sa mata hoto. Bai gamsu ba sai ranar da aka karanta masa cewa Radahn, duk girmansa kamar rumbu, ya je Sellia ya koyi sihirin rage nauyi don kawai kada ya rabu da ramammen dokinsa da ya saba da shi. Kawu ya yi shiru, ya ce, “Wannan ya san doki.” Daren da muka kashe Radahn a bikin da ake yi a ganuwar Redmane, bayan kwana huɗu muna shan kibiya tun daga nesa, Kawu bai yi mana barka ba.

Mutuwar Radahn ta saki taurarin da ya riƙe, ɗaya ya faɗo a dajin Mistwood ya huda ƙasa, muka gangara birnin Nokron. A can muka samo wuƙar da Ranni ta aike mu nema, muka kuma samo tokar Mimic Tear, wadda idan ka kaɗa ƙararrawa take fito maka da wani kai na biyu, da kayanka da makaminka. Muka sa masa Usaini. Usaini ma ya iya takun ƙanƙara. Wani lokaci Auta yana ajiye hannu ya sha shayi, Usaini ya gama aikin.

Daga nan muka maƙale. Mun kai wa Ranni wuƙa, ta ɓace, mun bi wata ƙofa daga hasumiyar da ke kusa muka faɗa kogin Ainsel na ƙarƙashin ƙasa, muka tsinci 'yar ƙaramar 'yar tsana mai kama da ita. A wurin hutu an ba mu zaɓin yi mata magana. Muka yi, shiru. Muka ɗauka ado ce. Mako guda muna yawo ba mu san inda aka dosa ba.

Ana cikin haka taubashina, ɗan ƙanwar babanmu da ke karatu a Dutse, ya zo hutun ƙarshen shekara. Shi bai mallaki na'ura ba, amma ya buga a wurin abokai, ya kuma kalli bidiyon gem ɗin a YouTube har ya haddace. Ya karɓi hannu, ya zauna a wurin hutun, ya danna maganar sau uku a jere. A na uku 'yar tsana ta buɗe baki cikin fushi, wai mun tona mata asiri, sai mu biya ta hanyar kashe mata wata inuwa da ke gaba. Ya dube ni ya ce, “Ɗan ƙauye, ko sallama ai sau uku ake yi.”

Na haɗiye wannan. Wadda ban haɗiye ba ita ce da ya buɗe shafin jaruminmu ya fashe da dariya. Matsayi 90: jini 24, shuɗi 14, numfashi 22, ƙarfi 30, zafin nama 35, ƙwaƙwalwa 16, imani 15, asiri 13. Ya ce wannan ba gini ba ne, tarin bulo ne. Ya ce takun ƙanƙara kuwa an daɗe da kashe shi, ba mai amfani da shi sai wanda bai san gari ya waye ba. Yaya ya ce ƙarya ne. Muka kai shi gaban wasu dakaru, Auta ya taka sau biyu, suka zube. Taubashi ya yi tsuru. Ya ce a sake. Aka sake. Musu ya kaure har Kawu ya leƙo, shi yana rantsuwa da abin da ya gani da idonsa a Dutse, mu muna nuna masa abin da ke gabansa.

Malam ne ya raba gardamar. Ya ce mutum biyu masu hankali ba za su yi ta rantsuwa a kan abu ɗaya ba sai in ba abu ɗaya suke kallo ba. Taubashi ya fita zuwa shafin farko na gem ɗin, ya duba lambar da ke ƙasa a kusurwa. Tamu 1.00 ce, yadda aka buga faifan. Na'urar Yaya ba ta taɓa shiga intanet ba tun da aka saye ta. Duniya kuwa tana kan 1.08, wadda ta fito a farkon Disambar nan da filayen dambe na 'yan wasa. Ya hau kan tudun bayan masallaci inda sabis ke kamawa, ya sauko da jerin gyare-gyaren 1.03 na ranar 17 ga Maris 2022, Malam ya karanta. An rage zafin takun ƙanƙara, an kuma ƙara masa jinkiri. An rage dukan Mimic Tear, an sauya halinsa. An gyara kuskuren da ya sa asiri ba ya ƙara wa wasu makamai ƙarfi. An sa taswira ta riƙa nuna sunan mutanen da ka haɗu da su da inda suke. Wato mu wata tara muke baya, muna cin kasuwar da ta riga ta tashi.

Masu gem suna ce wa irin wannan gyara faci, kamar na taya. Ko za a yi facin ko ba za a yi ba, wannan ma kwana biyu aka yi ana ja. Yaya ya ce bai taɓa jin inda mutum ya sayi data da kuɗinsa don a rage masa ƙarfi ba. Auta yana tsoron a taɓa masa Usaini. Ni abu biyu suka tsaya mini. Na farko taswirar nan, don mun sha wahalar neman Blaidd, har littafi Malam ya buɗe yana rubuta wa muka gani a ina. Na biyu kuwa, gaskiya, gorin taubashi ne. Ya ce duk abin da muka kashe ba mu muka kashe ba, kuskuren masu gem ne ya kashe mana. Maganar ta yi mini ciwo don na san akwai gaskiya a ciki.

Ga yadda muka yi, ko wani na da irin na'urar a inda babu sabis mai ƙarfi. Kafin komai muka kwafe ajiyar wasan a filas: a cikin saitin na'ura akwai wurin kula da ajiyar wasanni, ka zaɓi wadda ke cikin na'ura, ka ce a kwafa zuwa USB. Wannan sharaɗin Yaya ne, don in abin bai yi mana ba a goge gem, a sake ɗora shi daga faifai, a dawo da tsohuwar ajiya. Ranar Lahadi, da motoci da babura suka yi yawa a hanya saboda kasuwar Gujungu, na naɗe na'urar a bargo na sa a jaka, taubashi ya goya ni a babur zuwa Ringim, wurin wani abokin Yaya mai shagon gyaran waya da sola mai kyau. Hanyar ma ba daɗi, don ambaliyar damunar shekarar ta cinye wurare da dama, ina rungume da jakar kamar jariri.

Muka jira dare saboda datar dare ta fi araha. Taubashi ya kunna hotsifot a wayarsa, muka haɗa na'urar. Ita kanta sai da ta fara neman nata sabuntawar, muka ba ta. Sannan aka zura faifai, aka tsaya a kan hoton gem ɗin, aka danna Options, aka zaɓi duba sabuntawa. Ba a bukatar biyan kuɗin wasa da mutane ta intanet kafin a yi wannan, faci kyauta ne, data kawai yake ci. Kuskuren da muka yi, ba mu duba jerin abubuwan da ke sauka ba. Ashe gem ɗin ƙwallo ma ya ga intanet ya fara jan nasa facin a ɓoye. Sai da muka ga awa guda ta wuce abu bai motsa ba sannan muka gano, muka tsayar da shi, amma ya riga ya sha kusan rabin datar. Ƙarfe biyun dare na tashi mai shagon ya tura mana wata. Bayan ya gama sauka kuma akwai wani zaman, na'urar tana kwafe fayil ɗin a cikinta, a nan ba a son wuta ta ɗauke ko kaɗan. Mun idar da asuba da kaɗan lambar kusurwa ta koma 1.08.

Da daddare shagon Yaya ya cika, har waɗanda ba su taɓa kula gem ɗin ba sun zo ganin abin da aka je Ringim ɗaukowa. Ajiyarmu ta buɗe lafiya. Taswira ta fito da sunaye, Malam ya rufe littafinsa. Muka ratsa Nokstella zuwa inda inuwar take, ja ce, siffar Blaidd sak, da ƙaton takobi. Na buga takun ƙanƙara. Kafin ƙafar ta sauka ya riga ya iso kaina. Sara biyu, jini 24 ya ƙare. Yaya ya karɓa, haka. Auta ya karɓa, haka. Wata guda da rabi muna wasan nan, ashe ko mirginawa a kan lokaci ba mu iya ba. Yaya ya zaro filas daga aljihu ya ajiye a kan tebur, bai ce komai ba.

Ba a yi amfani da filas ɗin ba, don taubashi ya buɗe jakar jaruminmu ya nuna mana wasu abubuwa biyu masu kama da tsutsar azurfa, Larval Tear, da muka samu tun ranar da muka kashe dodon Mimic Tear a Nokron ba mu san amfaninsu ba. Idan ka riga ka ci Rennala a makarantar Raya Lucaria, tana nan zaune a ɗakin littattafai tana rungume da ƙwan da Radagon ya bar mata. Ka ba ta tsutsa ɗaya, ta sake haihuwarka: duk ɗigon da ka zuba a dawo maka da su ka sake rabawa. Matsayinka ba ya raguwa, amma ba za ka sauka ƙasa da abin da ka fara da shi ba. Samurai yana farawa da jini 12, shuɗi 11, numfashi 13, ƙarfi 12, zafin nama 15, ƙwaƙwalwa 9, imani 8, asiri 8, a matsayi na 9. Mu muna 90, ke nan ɗigo 81 ne a hannunmu.

A bayan kwalin biskit aka yi rabon, kuma ban taɓa ganin an yi musu a kan lissafi kamar na daren nan ba. Yaya yana son a zuba ƙarfi 40 a ɗauki irin takubban nan masu kama da ƙyauren ƙofa, taubashi ma ya yarda cewa facin 1.04 ya ƙara musu sauri. Auta yana son asiri saboda takubban zubar da jini. Abin da ya yanke magana shi ne ladan da ke ƙarshen hidimar Ranni, takobin Dark Moon Greatsword, wanda ba ya ɗaukuwa sai da ƙarfi 16, zafin nama 11, ƙwaƙwalwa 38. Malam ya ce ba a yi wa mutum bauta makonni sannan a kasa ɗaukar tukuicinsa. Jini kuwa taubashi ya ce ko za a yi faɗa sai ya kai 40, don har zuwa nan kowane ɗigo yana ƙara jini sosai, daga nan ne ƙarin yake fara raguwa. Aka tsaya a kan jini 40, shuɗi 20, numfashi 20, ƙarfi 16, zafin nama 18, ƙwaƙwalwa 39, asiri 8, ɗayan gidan ma 8. Na ce ɗayan gidan don Auta ya ɗaga murya ya ce “a rage imani,” Malam ya ce kada ya ƙara jin wannan kalma a shagon nan, a kira shi gida na bakwai. Har yau haka muke ce masa.

Zafin nama 18 ɗin saboda Moonveil ne, takobi irin na Samurai da ke son ƙwaƙwalwa 23. Yana hannun wani ƙadangaren wuta a ramin Gael, kan iyakar Limgrave da Caelid. Muka kashe shi da tsohon takobinmu da taimakon Usaini, wanda yanzu ya zama ɗan rakiya, yana ɗauke maka hankalin dodo amma aikin naka ne. Muka sayi ƙananan duwatsun wasa makami a wurin Iji, muka haɗa da waɗanda muka tara, muka kai maƙera. Dabarar takobin ita ce ka mayar da shi kube, ka zaro da haske, a kwance ko a tsaye. Ba ya yi maka aikin, dole ka san lokacin da za ka tsaya. Kwana biyu na yi ina koyon kallon kafaɗar inuwar nan maimakon kallon jinina. A dare na uku ta faɗi a hannuna, Ranni ta ba mu mabuɗi, muka buɗe akwatin da ke kusa da mahaifiyarta, muka ɗauko zobe.

Tafkin ruɓa da ke gaba shi ya rama wa gida na bakwai. Ja ne wur, ba a hawa doki a ciki, kana taka shi cutar tana taruwa har ta kama ka ta riƙa cin jini. Akwai wata addu'ar wuta mai wanke cutar, Flame, Cleanse Me, tana cikin jakarmu tun Liurnia, tana bukatar 12 a gidan nan. Da muna da 15. Mun mayar da shi 8 da hannunmu. Taubashin da ya san komai ya sosa ƙeya, na ce masa, “Ɗan birni, wannan ba ta zo a YouTube ba?” Tsutsa ɗaya ta rage, ba mu yarda mu ƙona ta a kan ɗigo huɗu ba. Muka mayar da duk gorunan maganinmu na jini, muka ruga a guje muna sha har muka kai tsallake. Daga can aka shiga akwatin gawa ya gangara da mu wurin Astel, wani abu mai kan ƙwarangwal da jiki kamar carbin taurari. Mugun halinsa shi ne ya ɓace ya bayyana a bayanka ya cafke. Da tsohon jininmu ko kusa ba za mu yi ba. Yaya ne ya kashe shi, da takobin da ya ce na mata ne.

A saman dutsen Moonlight Altar, ƙarƙashin majami'ar Manus Celes, muka sami Ranni cikin jini kusa da gawar Yatsu Biyu, wata halitta mai siffar yatsu da ta zaɓe ta ta gaji Marika. Muka sa mata zobe, ta bar mana takobin, muka ɗaga shi da ƙwaƙwalwarmu 39. A nan musun da ya fi kowanne tsawo ya tashi, kuma bai shafi lamba ba. Malam ya riga ya haɗa labarin daga gawarta ta asali da muka gani a saman hasumiyar Liurnia da tabo a bayanta. Ita ta saci ɓarin mutuwa, aka ƙera wuƙaƙe da shi, a dare ɗaya ta kashe jikinta ta bar ranta, aka kashe ran Godwyn, ɗan Marika da Godfrey, aka bar jikinsa. Yaya ya ce ko me za a faɗa, ta sa an kashe ɗan kishiyar uwarta, kuma daga nan duk fitinar ta samo asali, mu kuma mun zama 'yan korenta. Malam ya ce a duba ta ɗaya gefen: an zaɓe ta tun tana yarinya a ɗora mata abin da ba ta so, ba a tambaye ta ba, kuma babu ƙofar fita sai wannan. Yaya ya ce to Godwyn me ya yi mata? Ni na fi karkata ga Yaya, duk da ni na sa zoben. Taubashi ya so ya ƙara mana da wani sirri game da Radagon da Marika da ke jikin wani gunki a babban birni, Malam ya toshe kunne ya ce ya bari ya karanta da kansa.

Saura abu ɗaya, taubashi ya ce mu koma hasumiyar Ranni. Muka koma. Blaidd yana zaune a ƙofa, gawarwakin masu baƙar wuƙa a gefensa, yana magana shi kaɗai. Malam ya fassara a hankali: yana cewa ba zai taɓa cin amanarta ba. Yatsu Biyu ne suka ba ta shi tun farko ya zama inuwarta, kuma an halicce shi ne yadda in ta bijire musu hankalinsa zai juya a kanta. Iji ya san haka, shi ya sa ya taɓa kulle shi. Taubashi ya ce in an kashe shi ana samun takobinsa da sulkensa, kuma sulken yana da kyau.

Hannun yana wurin Auta. Shi ne tun farko yake bin Blaidd daga dajin Mistwood zuwa kogin Siofra, shi ya kira shi ranar Radahn. Ya miƙo mini. Na ce Yaya ya karɓa. Yaya ya ce shi ya kashe Astel, ya yi nasa. Kawu yana bakin ƙofa da butar shayi, ya ce, “Ku bar bawan Allah ya huta mana.” Auta ya juya doki, ya buɗe taswira, ya kai mu yankin Altus. Taubashi ya koma Dutse bayan kwana uku, ya bar mana kwalin biskit ɗin manne a bango. Mun ci babban birni, mun hau duwatsun ƙanƙara, tsutsa ɗaya tana nan a jaka, filas ɗin Yaya ya koma ɗaukar karatu da wa'azi. Hasumiyar Ranni kuwa ba wanda ya sake bi ta wajen.